Na'urar DVD mai hadis da aka yi wa ragi: a saya ko a bari?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga na'urar DVD mai ɗaukar shirye-shirye, wadda ke da hadis (wato hard disk, ma'ajiyar da take adana hoto) a ciki, an karya kuɗinta, kana tambaya ko ta cancanci saye. Amsar tana ga abin da za ka yi da ita.

In kana da tsofaffin kaset na bidiyo, na biki ko na suna, da kake son cetowa kafin su lalace, to ka saya. Nan ne take da amfani sosai. Ka jona bidiyon da ita, ta kwashe hoton zuwa hadis, ka yanke wuraren da ba ka so, sannan ka zuba a faifai. Faifan DVD ɗaya yana cin gigabait 4.7, wajen awa 2 ke nan in kana son hoto mai kyau. Kada ka manta ka rufe faifan bayan ka gama, wato ka zaɓi "finalize" a na'urar, in ba haka ba wata na'urar ba za ta karanta shi ba.

Amma in don ɗaukar shirye-shiryen talabijin ne, ni dai ba zan ba ka shawara ba. DVD ba ya wuce layi 576, ba ya ɗaukar HD, don haka hoton zai dushe a babbar talabijin. Yawancin irin waɗannan na'urori kuma ba su da mashigar HDMI, sai mafita kawai, wasu tsofaffin ma tashoshin analog kaɗai suke kamawa.

In ta hannu ce, ka sa a zuba hoto a faifai a gabanka, domin idon laser da hadis ne ke fara gajiya, kayan gyaransu kuma sun yi wuya.