Shin Turawan Ingila sun taɓa yarda da maita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gardama ce ta kaure tsakanina da abokina. Na ce masa Turawan Ingila sun taɓa yarda da maita har suna ƙona mayu, shi kuwa ya kafe cewa wannan camfin na baƙar fata ne kawai. Don Allah a raba mana gardama.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kai ke da gaskiya, ɗan'uwa, sai dai gyara guda: a Ingila rataye su ake yi. Ƙonawa a Sikotland da Jamus aka fi yin ta.

Abin ya wuce zancen bakin kasuwa, doka ce ta ƙasa. An fara kafa ta a 1542, aka sabunta a 1563 zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, aka ƙara tsananta ta a 1604 ƙarƙashin Sarki James, wanda shi kansa ya wallafa littafi kan mayu da aljanu a 1597. Masana tarihi sun ƙiyasta an kashe mutum wajen 500, galibinsu mata.

Mayyarsu ba irin wadda ake ba da labari a wurinmu ba ce, mai kama kurwa. Tasu baki gare ta, kuma wai tana kiwon ɗan aljani cikin siffar kyanwa ko kwaɗo ko ɓera, tana shayar da shi jininta. Shi ya sa ake tuɓe wadda ake zargi a lalube jikinta, in an ga tawadar Allah ko wani tsiro a ce nan yake tsotsa.

Abin da na fi so ka lura da shi shi ne inda zargin ke fitowa: daga maƙwabta. Tsohuwa matalauciya ta zo ƙofar gida roƙon ɗan nono, a kore ta, ta tafi tana gunaguni. Bayan kwana biyu saniya ta mutu ko yaro ya kwanta, sai mai gida ya tuna da gunagunin nan. Shi ya hana ta, amma ita za ta ɗauki laifin. Haka ta faru a yankin Pendle a 1612. Wata budurwa, Alizon Device, ta nemi fil a wurin wani ɗan koli, John Law, ya ƙi kwance kayansa. Bai yi nisa ba ya yanke jiki ya faɗi, da alamun abin da yau za a kira shanyewar ɓarin jiki. Abin tausayi, ita kanta ta yarda bakinta ne ya kama shi. Bincike ya janyo danginta, har aka ɗora ƙanwarta Jennet, 'yar shekara 9, a kan tebur a kotu ta ba da shaida kan mahaifiyarta. Mutum 10 aka rataye a Lancaster.

Mafi muni ya zo a 1645, lokacin yaƙin basasa, sa'adda harkar shari'a ta rikice. Wani Matthew Hopkins da abokinsa John Stearne suka mai da farautar mayu sana'a a gabashin ƙasar, gari-gari ana biyansu. Da yake doka ba ta ba su damar gana azaba ba, sai suka koma hana barci. Da wata tsohuwa mai ƙafa ɗaya suka fara, Elizabeth Clarke ta Manningtree: kwana da kwanaki ana gadinta ba runtsawa, har ta fara lissafo sunayen aljanunta. Akwai kuma gwajin ruwa, a ɗaure mutum a jefa a kududdufi, in ya taso wai ruwa ya ƙi shi, maye ne. Ko limamin coci bai tsira ba, don an rataye John Lowes, dattijo mai shekara wajen 80, a Bury St Edmunds. Kafin Hopkins ya mutu a 1647 an hallaka kimanin mutum 100.

Alƙalai ne suka fara dawowa daga rakiyar irin wannan shaida, tun jama'a ba su daina yarda ba. An rataye mata uku a Exeter a 1682, amma da masu taya alƙali yanke hukunci suka sami Jane Wenham da laifi a 1712, alƙalin da kansa ya nema mata afuwa aka yi mata. A 1736 aka soke dokar, wanda ya ce yana da tsafi ya zama ɗan damfara a idon hukuma.

Ka gaya wa abokinka cewa ko bayan haka, a 1751, mutanen yankin Tring sun ja wata tsohuwa, Ruth Osborne, suka dulmiya ta a kududdufi har ta mutu. Wani Thomas Colley da ya yi ta danna ta da sanda, ya kuma zaga yana karɓar kuɗin kallo, shi kotu ta rataye a wannan karon.