Tambaya da Amsa: Kan sarkin shekarar dodo na ƙasar Sin

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwana da ke karatu a Beijin ya aiko mini da kan sarki guda biyu masu hoton dodon nan na Sinawa, an rubuta 2024 a ƙasansu. Mene ne asalinsu, kuma tun yaushe ake buga irinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A lissafin gargajiya na Sinawa kowace shekara da dabbarta, dabbobi 12 ne ke zagayawa, daga ɓera har zuwa alade, dodon da suke kira Lung shi ne na biyar. Shi kaɗai ne a cikinsu ba dabbar zahiri ba, kuma a wurinsu alamar sarauta ce da ruwan sama da albarka, ba abin tsoro ba. Shekarunsa na baya-bayan nan su ne 1988, 2000, 2012 da 2024, mai zuwa kuma 2036.

Gidan wayar Sin ya fara jerin kan sarkin dabbobin shekara ne da biri a ranar 15 ga Fabrairun 1980, kan sarki ja mai fen 8 (fen shi ne kwabon kuɗin Sin, yuwan), da zanen Huang Yongyu. Daga baya aka tsayar da 5 ga Janairu a matsayin ranar fitarwa. Naka biyun na yuwan 1.20 ne kowanne. Ka lura da cewa suna riga shekarar tasu fitowa: shekarar dodo ta 2024 sai 10 ga Fabrairu ta kama, don haka jaririn da aka haifa a Janairun 2024 ɗan shekarar zomo ne. Japan ma ta riga Sin, tun 1950 ta sa damisa a kan sarkinta na sabuwar shekara. Hong Kong ta bi a 1967, Amurka a ƙarshen 1992, Kanada a 1997.

Tambaya: An yi mini tayin wani kan sarki mai dodo, mai sayarwa ya ce tsohon gaske ne, zai yi tsada nan gaba. Yaya zan tantance?

Amsa: Hajiya, kada ki biya kafin ki duba ƙasan kan sarkin da gilashin ƙara girma. Akwai 'yar lamba a wurin. Na 1988 yana ɗauke da T.124, kuɗinsa fen 8. Daga 1992 aka koma rubuta shekara da lambar fitowa, shi ya sa za ki ga 2000-1 ko 2012-1. Na 2012, wanda Chen Shaohua ya zana, shi ne mai fuskantar mutum baki buɗe da farata a waje, har wasu a Sin suka yi ta ƙorafin ya cika ban tsoro.

Dodon da ya tsufa da gaske shi ne na 1878, kan sarki na farko da daular Qing mai mulkin Sin a lokacin ta fitar ta hannun hukumar kwastan, kala uku: kore, ja da rawaya. Jabunsa ya cika kasuwa, kuma ba a sayensa sai da takardar shaidar ƙwararru. Na zamanin nan kuwa miliyoyi aka buga, saboda haka mu a ganinmu a saye su don sha'awa, ba don jari ba. Tsadar birin 1980 ce ke ruɗar mutane, alhali shi kaɗan aka buga idan aka kwatanta da waɗanda suka biyo bayansa, aka kuma ɓatar da da yawa a jikin wasiƙu. Sannan ki gwada haƙoran gefe: ana ƙirga huji nawa ne a cikin santimita 2, a kwatanta da wanda aka tabbatar na gaske ne. Na jabu hujinsa kan fito a karkace, zanensa kuma ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin gilashi.

Tambaya: Nawa sun fara yin tabo ruwan ƙasa, wasu sun manne da juna. Akwai magani?

Amsa: Laima ce, Malam. Gam ɗin bayansu yana shan danshi, ya yi laushi ya kama abin da ke kusa, fumfuna kuma ta samu abinci. Tabon da ya riga ya zauna ba ya fita ba tare da an ɓata takardar ba, sai dai a ware masu tabon kada su shafi sauran. Waɗanda suka manne kada ka ja su, bayan ne zai ɗaye. In ka jiƙa su a ruwan sanyi na minti 15 za su rabu, amma gam ɗin ya tafi ke nan, darajarsu ta faɗi.

Nan gaba ka riƙa ɗaukarsu da hantsaki mai faffaɗan baki, domin gumin yatsa kan bar shaida bayan watanni. Ka sa su a kundi mai aljihunan roba marar PVC, ka tsayar da kundin a tsaye, kada ka jibga wani abu a kansa, nesa da bango da hasken rana, don ja ba ya jure rana. Danshin ɗakin ya tsaya wajen kashi 50 cikin ɗari. 'Yan ƙullin silika da ake samu a kwalin takalmi suna taimakawa a cikin akwati. Wanda kuma ke jikin ambulan da hatimin gidan waya na ranar farko da aka fitar da shi, a bar shi yadda yake, hatimin da ambulan ɗin su ne darajarsa. In ambulan ɗin ja ne ma, ruwa na taɓa shi zai zuba ya rine kan sarkin.