Yafe kuɗin fito a ECOWAS: asalin kaya ake dubawa, Alhaji

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. Ƙanin matata da ke Kumasi ya ce in loda mota guda in aiko masa: atamfar China da na saro, da takalman fata ɗinkin hannu, da man shafawa na wata masana'anta a nan Kano. Ya ce ƙasashen ECOWAS ba sa karɓar kuɗin fito a tsakaninsu, kuma cikin wata uku jarina na naira miliyan 20 zai ninka. Me za ka ce?

Amsa: Alhaji, ajiye maganar ninki tukuna. Da atamfa na ninka jari a wata uku, da tuni rabin Kwari sun tare a Kumasi. Kuskurenka ɗaya ne, kuma shi kaɗai ya isa ya cinye ribar: ka ɗauka rangwamen na ɗan kasuwa ne saboda shi ɗan ECOWAS ne. Rangwamen na kaya ne. Jami'in kwastan a Aflao, bakin iyakar Ghana da Togo, tambayarsa ɗaya: a ina aka yi wannan?

Tsarin da surukinka ya ji labari sama-sama shi ne ETLS, wato shirin ECOWAS na sassauta ciniki tsakanin ƙasashenta. An kafa shi a 1979 kan amfanin gona da dabbobi da sana'ar hannu, aka shigar da kayan masana'antu a 1990. Yana cire harajin shigo da kaya ne kawai ga abin da aka samar a cikin yankin. To, mu sauke motarka mu duba.

Atamfar China ba ta ciki, ko shekara goma ta yi a shagonka. Biyan fito da aka yi mata a Legas bai mai da ita 'yar Najeriya ba, sauya leda ko manna mata sabon tambari ma haka. Ghana za ta caje ta da jadawalin harajin bai-ɗaya na ECOWAS da ya fara aiki a 2015, mai aji biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, kuma kayan da aka gama sarrafawa a manyan azuzuwan suke faɗawa. In atamfar miliyan 12 ce, ko a kashi 20 aka tsaya, miliyan 2.4 sun tafi kafin harajin VAT, wanda ETLS ba ya yafe wa kowa.

Man shafawar zai iya shiga, amma da sharaɗi. Sai masana'antar ta samu amincewar kwamitin ƙasa da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, kuma shi wannan man takamaimai yana cikin abin da aka amince mata. Ana amincewa idan aƙalla kashi 60 na ɗanyen kayan daga yankin suke, ko sarrafawar ta sauya wa kayan lambar rukuni a jadawalin kwastan, ko darajar da aka ƙara a gida ta kai kashi 30 na farashin bakin masana'anta. Je ka wurinsu, ka ce su nuna maka lambar amincewarsu, su ciro maka takardar shaidar asalin kaya ta wannan lodi. Wata shida take aiki. Ka zauna ka gwada ta da rasit layi-layi: sunan kaya, yawan katan, nauyi. Katan 300 a takarda, 340 a mota, ya isa a ajiye ka a gefe. In sun ce "ai ba komai, haka kowa ke wucewa", kada ka ɗauki man.

Takalman ɗinkin hannu su ne mafi sauƙi, ba a neman musu wannan takarda. Amma abin da ke yawan faruwa ke nan: mai kaya ya cakuɗa uku a mota ɗaya, ya tura atamfa ƙasa, ya bayyana lodin duka a matsayin kayan gida. Aka kwance tamfol, aka ga dila mai rubutun China. Daga nan har halastattun kayan sun zama abin tuhuma, ga tara, ga kuɗin kwanan mota, direba na waya kullum. Raba su, kowanne da takardunsa.

Sai hanya. Ta Seme, bakin iyakar Najeriya da Benin, za ka ratsa Benin da Togo, kuma kuɗin ratse da lamunin kwastan suna nan, ka sa su a lissafi. Ta arewa kuwa, Nijar da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS tare da Mali tun 29 ga Janairu 2025, don haka ka tambayi wakilin kwastan mai lasisi abin da ake karɓa a makon da za ka tashi. Ka tuna kuma Najeriya da kanta ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, yarjejeniyar na nan kaya suka maƙale.

Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a cikin kasuwa, a kanta aka sha garƙame shagunan 'yan Najeriya. Tambayi surukinka da sunan wa kayan za su shiga, wa zai sayar, ku rubuta da shaidu biyu.

Fara da takalman kaɗai, na miliyan 2 zuwa 3. Rubuta kowane kwabo daga Kano har shagon Kumasi, da farashin canjin sidi, kuɗin Ghana, ranar da aka biya ka. Atamfar China ka bar ta a Kwari.