Masu masaukina suna ta gayyata, ni kuwa ina ta noƙewa

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 19, na samu gurbin karatu na shekara ɗaya a ƙasar waje, aka sauke ni a gidan wasu mutane, miji da mata da 'ya'yansu biyu. Yau watana uku ke nan a wurinsu, ba su taɓa ɓata mini rai ba, sai dai kusan kowane ƙarshen mako suna zuwa da sabon abu: yau hawan dutse, gobe zamiya a kan ƙanƙara, jibi wani abinci da ko sunansa ban iya faɗa ba. Ni kuwa sai in ce na gaji ko ina da karatu, in shige ɗaki. Makon jiya na jiyo uwargidan tana tambayar mijinta ko dai ba na jin daɗin zama da su ne, maganar ta tsaya mini a rai. Ina son in gwada, amma ina tsoron in kunyata kaina, ina kuma tsoron in faɗa cikin abin da bai dace da tarbiyyata ba. Yaya zan yi?

Wata ɗaliba a ƙasar waje

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Kin haɗa tsoro biyu a jimla ɗaya, alhali ba danginsu ɗaya ba, kuma a ganina wannan haɗin ne ya tsare ki a ɗaki. Tsoron keta iyakar addininki ko tarbiyyarki abu ne da ya kamata ki riƙe. Tsoron a ga kin faɗi a kan ƙanƙara kuwa kunya ce kawai, wadda ta ari rigar wancan tsoron ta saka don kada ki tuhume ta.

Saboda haka ki zauna ki rarrabe. Abubuwan da ba za ki taɓa yi ba, kamar cin wani nau'in nama, ko shan abin da ke bugarwa, ko sa suturar da ba ki yarda da ita ba, za ki ga ba su da yawa. Ki faɗa wa uwargidan su sau ɗaya, a sarari, a lokacin da hankalinta yake kwance, ba sai an ajiye miki faranti a gaba ba. Mai masauki ya fi son a ce masa "wannan ba na ci, ga dalili" a kan a riƙa juya cokali ana murmushi, domin na farko ya san yadda zai yi da shi a kasuwa da kicin, na biyu kuwa sai ya bar shi cikin zato. Zaton da kika jiyo uwargidan tana yi ke nan. Ita ba ta ga kunyarki ba, ƙofa kawai take gani a rufe. Ki tuna kuma cewa a shirye-shiryen musayar ɗalibai irin na ƙungiyar AFS, wadda ta fara wannan aiki a 1947, iyalan da ke karɓar baƙi galibi 'yan sa-kai ne, abin da suke nema shi ne baƙo ya zama ɗan gida.

Wata ukun da kika ambata ma yana da nasa bayani. Masanin halayyar al'ummomi Kalervo Oberg, a wata maƙala da aka buga a 1960, ya bayyana yadda baƙo kan fara da ɗoki, komai yana burge shi, daga nan sai ɗokin ya kwanta, ƙananan abubuwa su fara gundurarsa, kafin ya farfaɗo ya saba. Kafin shi, a 1955, Sverre Lysgaard ya yi nazarin 'yan ƙasar Norway da suka je Amurka da tallafin karatu na Fulbright, ya ga cewa waɗanda suka yi tsakanin wata 6 zuwa 18 sun fi jin takura a kan waɗanda ba su kai haka ba ko suka zarce. Masu binciken da suka biyo baya sun nuna ba kowa ne ke bin wannan tsari daki-daki ba, amma gajiyar da kike cewa kina ji ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, domin wanda ya wuni yana sauraron harshen da ba nasa ba, yana lura da yadda ake gaisuwa da yadda ake zama a teburi, ƙwaƙwalwarsa ta yi aikin da 'yan gida ba su yi ba. Ki huta idan kin gaji, sai dai ki ce "yau na gaji, amma ranar Asabar da ni za a je", kuma ki cika.

Game da zamiyar ƙanƙara, tun da alama ita ta fi ba ki tsoro, ga yadda ranar farko take. Za a ba ki takalmi mai ƙarfe a ƙasa, ki ɗaure shi tamau a idon sawu, ki shiga fili kina riƙe da shingen gefe da hannu biyu, yara ƙanana suna wuce ki kamar iska. Za ki faɗi, wataƙila sau uku, 'ya'yan gidan su yi dariya su miƙo miki hannu. Wannan dariyar ita ce abin da kike gudu, kuma ita ce za ta sa a daina yi miki kallon baƙuwa. Ki sa safar hannu, ki ɗan lanƙwasa gwiwa, in kin ji za ki tafi ki karkata gaba, kada ki faɗi ta ƙeya.

Ana cewa in ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura, amma ba kowace jela ba. Kafin ki amsa gayyatar duk wani wasa mai haɗari, ki duba takardar inshorarki, domin da yawa ba sa biyan kuɗin jinyar raunin da aka samu a irin su dirowa da laima ko nutso cikin teku. Ki duba dokokin shirin da ya kai ki, tun da wasu, kamar musayar matasa ta ƙungiyar Rotary, sun hana ɗalibi tuƙin mota ƙwata-ƙwata. Idan kuma wani a gidan ya matsa miki bayan kin ce a'a, ko ya nemi ki ɓoye wani abu, wannan ba gwada sabon abu ba ne, ki sanar da jami'in da ke kula da ke a ranar.

Da ni ce ke, ba zan jira ƙarshen mako ba. Yau da yamma, idan uwargidan ta shiga kicin, ki bi ta ki karɓi wuƙa ki taya ta yankan albasa, ki tambaye ta sunan abincin nan da ya gagare ki faɗa, ki maimaita har ta gyara miki. Daga nan sai ki ce mata kin ji maganar da ta yi, kina jin daɗin zama da su, kunya ce ta yi miki yawa, sannan ki tambaye ta ƙarfe nawa za a fita ranar Asabar.