Tambaya da Amsa: Tutoriyal ɗinmu ya koma lakca ta biyu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ƙaramin malami ne a sashen injiniyan lantarki a wata makaranta nan Katsina, wannan samista oga ya damƙa mana tutoriyal na kwas ɗin fidbak da kwantirol (wato yadda na'ura ke auna abin da ta fitar tana gyara kanta), mu uku ne ɗalibai kuma sun kai 120. Matsalar ita ce duk ranar tutoriyal ni ke kan allo tun daga farko har ƙarshe ina ta warware lissafin Laplace su kuma suna kwafa, in na ce akwai mai tambaya kowa tsit, amma da aka yi tes sai ga kusan rabin aji ko bulok dayagram, zanen akwatuna da kibiyoyi da ke nuna yadda sassan na'ura ke haɗe, ba su iya zanawa. Don Allah ya za mu tsara abin? Daga ƙaninku a Ƙofar Ƙaura.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, kuna koyar da fidbak ne a ajin da ba fidbak a cikinsa. Oga ya zuba, kai ma ka zo ka ƙara zubawa, ba mai leƙa tankin ya ga ko ya cika ko yoyo yake sai ranar tes, to ai wannan shi ne buɗaɗɗen lup, tsarin da ba ya duba sakamakonsa, wanda kuke faɗa musu ba shi da tabbas. Tutoriyal shi ne sensa na kwas ɗin, an yi shi ne don a auna abin da ya shiga kai.

Ku raba su uku, arba'in arba'in, kowa ya riƙe nasa har ƙarshen samista don ya san fuskoki, a cikin aji kuma su zauna biyar biyar. Takardar tambayoyi ɗaya ce ga duka ukun, in ba haka ba za ka ji ana cewa malamin wancan gurup ya fi sauƙi, kowa ya kwashe can. Ranar ta faɗo kwana ɗaya ko biyu bayan lakca, kuma don Allah kar ku sa ta Juma'a da rana ko dab da la'asar, zama ku yi da kilas raf ku duba tebur tun yanzu.

In awa ɗaya ce, naka minti goma ne na farko, sauran alli yana hannunsu. Tambaya biyu ko uku sun isa, kai kana zagayawa kana leƙa takardu, wanda ya kafe kar ka karɓe masa biro, tambaye shi me ake aunawa a nan, me ake so ya zama, wa ke gyarawa. Sannan kai za ka zaɓi mai fitowa allo, in ka bari su zaɓa kullum gwanin nan ɗaya za su turo.

Wajen da na fi so ka daɗe shi ne misali, don Laplace ba ya zama a kan da bai ga abin da ake lissafawa ba. Ɗauki tankin ruwa na gida. Wani ya kunna famfo ya ce bayan minti ashirin zan kashe, ba ruwansa da ko jiya an bar rabi a ciki. Wani ya sa yaro ya tsaya yana kallo in ya cika ya ƙwala kira, kafin kiran ya iso a taso a nemo takalmi a kai ga soket ruwa ya riga ya malale tsakar gida, ka ga fidbak akwai amma jinkiri ya sa an zarce layi. Na uku ya sa ƙwallon nan mai yawo a kan ruwa da ke toshe bututu da kansa. Ka ce kowane gurup ya zana bulok dayagram na ukun, wallahi musun da za su yi kan ina yaron zai shiga a zanen ya fi lakca biyu amfani. Kuma dabarar ba ta yau ba ce, 'ya'yan Musa bin Shakir, masana su uku a Bagadaza, sun yi na'urori masu irin wannan bawul tun ƙarni na 9.

Sai janareta. A jona dutsen guga ka ji murya ta faɗi sannan ta dawo daidai, gwamnan injin, na'urar da ke daidaita gudunsa, shi ne ya ga gudu ya ragu ya ƙara buɗe mai, don ƙaramin janareta sai ya riƙe juyi 3000 a minti kafin ya ba da Hertz 50 irin na wutar gida. Wannan gwamnan jikan wanda James Watt ya sa wa injin tururi ne a 1788, lissafinsa kuma Maxwell ya yi a 1868, shekara 80 tsakani, ka faɗa musu wannan su san na'ura ta riga lissafi zuwa. In kun samu janareta mai hawa da sauka yana wuu wuu ma ya fi, ga rashin daidaito nan a kunne kafin a je kan hanyoyin Routh da Nyquist na gwada daidaito.

Maganar manhaja, MATLAB na kuɗi ne amma Octave da Scilab kyauta suke, laftof ɗaya mai caji a kowane gurup ta wadatar, su riƙa ƙara gen na PID, wato ƙarfin gyaran da kwantirola ke yi, suna kallon layin yana fara rawa.

Minti biyar na ƙarshe kowa ya yagi takarda ya rubuta abu ɗaya da bai gane ba, ba suna, wannan ne zai fito maka da masu jin nauyin ɗaga hannu musamman 'yan matan da ba su fi a ƙirga ba a ajin. Ku ukun ku haɗa takardun ku kai wa oga kafin lakca ta gaba, da ladabi, ranka ya daɗe ga inda yara suka kafe. Asainmen kuma ya dawo hannunsu cikin mako guda da gyara a jiki, in ya kwana uku a ofis ba laifi, in ya yi wata to kun zama yaron tanki.