Shin Biyetnamanci reshen Sinanci ne?

Malam, ka tambaya ko harshen Biyetnam daga Sinanci ya fito, tunda kalmominsu suna kama. A'a, ba dangi ba ne. Biyetnamanci ɗan uwan harshen Khmer ne na Kambodiya da harshen Mon na ƙasar Bama (Myanmar), kuma mafi kusa da shi shi ne harshen Muong na tsaunukan arewacin Biyetnam.

Wannan kama da ka gani, zama tare ne ya kawo ta. Daular Han ta ƙasar Sin ta ci yankin a shekara ta 111 kafin haihuwar Annabi Isa, Sinawa suka riƙe shi kusan shekara dubu, sai a 938 jagoran 'yan Biyetnam Ngo Quyen ya karya rundunarsu a kogin Bach Dang. Duk tsawon wannan lokaci da Sinanci ake karatu da mulki, shi ya sa kalmomin ilimi da shari'a suka cika da aro, kamar yadda Hausa ta ɗebo Larabci ba tare da ta zama 'yarsa ba. Kalmomin gida kuwa, irin su ƙidaya da sassan jiki, na gado ne.

Rubutun boko da 'yan Biyetnam suke yi yanzu kuma 'yan mishan ne suka tsara shi a ƙarni na 17.