Muryar WhatsApp: Hannu da baki sun shanye, ƙafa tana takawa

Assalamu alaikum jama'a. Yaya, na ji tambayarki, wai me ya sa shanyewar ɓarin jiki kan kama hannu da baki, amma mutum yana iya ɗan takawa. To, a yi haƙuri, muryar za ta ɗan ja.

Kin ga saman ƙwaƙwalwa ba sumul yake ba, kunya ne da kwari kamar gonar da aka yi wa huɗa. Wajen kashi 2 cikin 3 na ɓawonta ma a cikin kwarin yake ɓoye. To akwai wani kwari da ake kira kwarin tsakiya, ko kwarin Rolando, sunan wani likitan Italiya, Luigi Rolando. Kowane ɓari, dama da hagu, da nasa. Daga ƙololuwar kai yake tasowa, ya gangaro ta gefe yana karkata gaba, ya tsaya can saman kunne.

Kunyar da ke gabansa ita ke ba tsoka umarnin motsi, ta bayansa kuma ita ke jin taɓi. Abin mamakin, a kife aka jera jikin mutum a wurin. Ƙafa tana can sama, har ta leƙa cikin tsagin da ya raba ɓarin biyu. Hannu a tsakiya, fuska da leɓe da harshe a ƙasa. Wilder Penfield, likitan tiyata a Kanada, shi ya fitar da taswirar a 1937. Masu farfaɗiya yake wa aiki idonsu biyu, don ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi. Ya ɗan taɓa nan da lantarki, yatsa ya motsa, ya matsa ƙasa kaɗan, leɓe ya harba. Hannu da baki sun ci fili sosai, gadon baya kuwa ɗan mitsitsi.

Yauwa, ga amsarki. Jijiyar jinin da ke shayar da yankin fuska da hannu daban take da ta ƙafa, kuma ta fuska da hannun ce ta fi yawan toshewa. Sannan ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke juya gefen dama na jiki. Shi ya sa in hannun dama ne ya mutu, sau da yawa har magana takan sarƙe, don a yawancin mutane cibiyar magana tana hagu, dab da yankin baki.

Don Allah kada takawar nan ta ruɗi kowa. Baki ya karkace, hannu ya saki, a nufi asibiti nan take, allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi ake yin ta.